Filin Tambaya da Amsa: Yawon Wuni Guda a Kan Babur Cikin Karkara

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata sun karkata ga magana guda, ita ce fita yawon buɗe ido a kan babur cikin karkara, a tafi da safe a dawo kafin dare. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo, kuma kamar yadda muka saba ba mu buga sunayen masu aikowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin makarantar sakandare ne a birnin Kano, ina da babur ƙirar Boxer wanda ban taɓa wuce Kumbotso da shi ba. Ni da abokan aikina uku muna so mu ware Asabar ɗaya mu fita mu ga karkara, mu huta da hayaniyar gari, mu dawo a ranar. Wasu sun ce mu tafi Daura, wasu sun ce Falgore. Wace hanya ce ta dace da masu farawa irinmu, kuma yaya za mu tsara wunin?
Daga wani malamin makaranta, Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daura ta cancanci ziyara, amma tazararta daga Kano ta haura kilomita 120, kuma idan aka haɗa zuwa da dawowa a kan ƙaramin babur, mafi yawan wunin zai ƙare ne a kan kwalta, lokacin da zai rage na kallo ba zai taka kara ya karya ba. Falgore kuwa zan yi maganarsa a amsar wata wasiƙa da ke ƙasa.

Shawarar da zan ba ku ita ce zagayen Tiga da Rano. Ku fita ta titin Zariya, ku bi ta Kura da Kadawa, ku karya zuwa Bagauda da Tiga, daga nan ku ratsa ta Rurum ku shiga Rano, sannan ku dawo ta Bunkure ku sake hawa titin Zariya a Karfi. Jimillar tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, kuma a ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ba a yarda babur ya wuce gudun kilomita 50 a sa'a ba, saboda haka ku lissafa kimanin sa'o'i huɗu na tuƙi zalla, sauran wunin kuma naku ne na tsayawa da kallo da salla da cin abinci. Na fifita wannan hanya ne domin zagaye ce, ba za ku maimaita inda kuka bi ba sai guntun da ke tsakanin Karfi da Kano, kuma babu inda za ku yi nisa ƙwarai da garin da ake samun bakanike da mai faci.

Ku tashi da misalin ƙarfe bakwai, lokacin da gari ya waye sosai. Babban titin shi ne ɓangaren da ya fi haɗari a duk tafiyar, saboda tireloli da tankokin mai da motocin haya masu gudun wuce sa'a, don haka gara ku gama da shi da safe, idanunku a buɗe, jikinku bai mutu ba. Ku riƙe gefen dama, kada ku jera biyu-biyu kuna hira, kuma duk lokacin da babbar mota za ta wuce ku, ku riƙe kan babur da kyau domin iskarta tana fizgar ƙaramin babur. Bayan gadar Tamburawa gidaje za su fara ja baya, gonaki su fara bayyana.

Kura ce tsayawarku ta farko, kuma a can ya kamata ku karya kumallo. A yau an fi sanin garin da shinkafa, da injinan cashe ta, da matan da ke turara ta, amma kafin shinkafa Kura ta yi suna ne da rini. Daga marinanta ake samun turkuɗi mai sheƙi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura, wanda fatake suka riƙa kaiwa har cikin Sahara inda Buzaye ke sayensa da daraja. Wanda ya san wannan zai kalli garin da wani ido daban.

Daga Kura zuwa Kadawa za ku shiga tsakiyar aikin noman rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi. A nan nake so ku sauka daga babban titi ku ɗan bi burjin da ke gefen magudanan ruwa, a hankali, ku ga yadda ruwa yake barin babbar magudana ya shiga ƙanana, daga ƙanana ya rarrabu cikin kwamai, ba tare da inji ya tura shi ba, gangaren ƙasa kaɗai yake bi tun daga Tiga. Idan lokacin tumatir ne za ku tarar da kasuwar Kwanar Gafan cike da kwanduna da manyan motocin da ke lodi zuwa kudu, kuma a Kadawa ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016. Amfanin tsayawa a nan shi ne, idan kuka isa Tiga za ku riga kun ga abin da ruwan yake yi kafin ku ga inda aka tare shi.

Bayan kun wuce Ciromawa sai ku tambayi kwanar Tiga, matambayi ba ya ɓata. Za ku bi ta Bagauda, inda reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya yake, a gefen madatsar ruwan da ta taɓa ɓallewa a damanar 1988. Daga nan hanya takan yi shiru, motoci su ragu, duwatsu su fara leƙowa ta bayan gonaki.

Madatsar Tiga an gina ta ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Tsawon bangonta ya kai kusan kilomita 6, faɗin tafkin da ta tara kuma ya kai murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwan da ya doshi kubik mita biliyan 2. Mutumin da ya tashi a cikin ganuwa, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin unguwa, yakan yi tsaye ya rasa ta cewa idan ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa sosai. Ku ba wurin sa'o'i biyu ko fiye. Ku sauka wajen masunta ku ga kwale-kwale da koma, ku sayi karfasa ko tarwaɗa a soya muku, ku yi azahar a garin. Ina ganin kuma ya dace malamin makaranta ya san ɗaya gefen labarin: ruwan da aka tare a Tiga da Challawa ya rage ambaliyar shekara-shekara da dausayin Haɗeja da Nguru ya dogara da ita, kuma sauyin tafiyar ruwan ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa. Albarkar da manomin Kadawa yake gani, masuncin Nguru ya biya wani abu daga kuɗinta.

Ku bar Tiga kafin ƙarfe biyu. Daga nan zuwa Rano gabas za ku fuskanta, kuma wannan shi ne dalili na biyu da ya sa na ce ku fara da titin Zariya: rana za ta kasance a bayanku da yamma, ba a cikin idanunku ba. A ganina wannan guntu, wajen duwatsun Rurum, shi ne mafi kyawun gani a duk zagayen, manyan duwatsu a ɗore kan juna, da kukoki da ɗorawa a tsakanin gonakin dawa, da rumbuna a bakin ƙauyuka. Kada ku yi sauri a nan.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo, kuma a labarin rabon ayyuka tsakanin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Kun ga ke nan kun fara wunin a garin marina kun kuma ƙare shi a wani. Ku ga ƙofar fada da duwatsun da suka kewaye garin, ku yi la'asar, amma ƙarfe huɗu ta same ku a kan hanya. A watannin Nuwamba da Disamba rana takan faɗi a Kano wajen ƙarfe shida, kuma ba na so magariba ta riske ku tsakanin Bunkure da Karfi, balle a kan babban titi inda fitilar babur ba ta iya gogayya da ta tirela. Idan wani abu ya cinye muku lokaci a Tiga, ku haƙura da Rano ku koma ta inda kuka zo, wani Asabar ɗin kwa je.

Tambaya: Malam, wane lokaci ne a shekara ya fi dacewa da irin wannan fita? Ni na fi son damina saboda ko'ina kore ne.
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Bayero.

Amsa: Ɗan'uwa, damina ta fi kyan gani amma ta fi wuyar bi. A Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, burji yakan zama taɓo, rafin da aka ƙetare da safe a bushe yakan kawo ruwa da yamma, kuma hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci da iskar da za ta iya ture mai babur. Wanda ya tarar da ruwa yana gudu a kan hanya, ya tsaya ya jira ko ya juya, domin ba ya ganin abin da ruwan ya zaizaye a ƙasa.

Ni na fi son kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, tafki a cike yake, dawa ta fid da kai, hazo kuma bai sauko ba, don haka ana hango duwatsu daga nesa. Abin lura a kaka shi ne shanya: mutanen ƙauye sukan baza shinkafa ko masara ko barkono a gefen kwalta, kuma tayar babur ba ta kama hatsi, ga shi kuma taka abincin mutane ba hanyar shiga gari ba ce.

Janairu da Fabrairu su ne lokacin mai son ganin noman rani, alkama da tumatir da albasa sun rufe Kadawa alhali ko'ina ya bushe. Sai dai sanyin safiya a kan babur ya ninka wanda ake ji a tsaye, yatsu sukan ƙage har kama birki ya yi wuya, saboda haka a nemi safar hannu da rigar sanyi mai tare iska, a kuma jinkirta tashi zuwa takwas idan hazo ya yi kauri. Afrilu da farkon Mayu kuwa, lokacin da zafi kan kai maki 40, a bar babur ya huta.

Tambaya: Babur ɗina roba-roba ne, ya ɗan kwana biyu. Zai iya tafiyar wuni guda? Me zan duba, me zan riƙe?
Daga wani tela, Kurna, Kano.

Amsa: Zai iya, maigida, matuƙar lafiyarsa ƙalau, domin tsufa ba shi ne matsala ba, sakaci ne. Abin da roba-roba ya gaza babban babur da shi shi ne ƙaramin tanki da rashin tsayi daga ƙasa, don haka ka riƙa shan mai a duk babban garin da ka tarar da gidan mai a buɗe, kuma ka guji burji mai zurfin ramuka.

Ka kai shi wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tafiya, ba daren tafiya ba, domin gyaran da aka yi yana bukatar a hau a gwada shi a cikin gari. A juye baƙin mai, a duba birkin gaba da na baya, a ɗaure sarƙa daidai a sa mata mai, a wanke fulogi ko a sauya shi, a tabbatar fitila da sigina da oda suna aiki. Taya ita ce abin da mutane suka fi yi wa rowa, kuma ita ce ta fi kayar da su: idan zanenta ya shafe, ko an yi mata faci a kan faci, ka sauya ta. Madubin da yawancin masu babur suke cirewa su ajiye a gida, ka mayar da shi, domin a babban titi da shi za ka ga abin da ke tahowa a bayanka.

A jaka ka riƙe fulogi sabo, da sifana da filaya da sukundireba, da ƙaramin famfo, da ruwan sha wanda bai gaza lita biyu ba, da kuɗi a hannu domin ba ko'ina ake samun layin waya da zai ba ka damar tura kuɗi ba. Ƙaramin babur mai lafiya yakan yi kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya, ke nan lita biyar za ta kai ka zagayen Tiga ta dawo da kai, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan lissafi ya zama dole kafin a fita. Man 'yan bumburutu a bar shi sai larura, domin gauraye yakan toshe kafireto a inda babu mai gyara.

Injin waɗannan babura iska ce take sanyaya shi, saboda haka tsayawar minti goma bayan kowace sa'a tana amfanar injin da bayan mai shi gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara ashirin da biyu ya dame ni cewa shi da abokansa, su wajen goma sha biyar, za su tafi dajin Falgore a kan babura, wasu ma da goyo. Hankalina bai kwanta ba. In hana shi ne, ko tsoro ne kawai irin namu na iyaye?
Daga wata uwa, Tarauni, Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tsoronki yana da tushe, kuma abubuwa uku ne a cikin shirin nasu ba su yi mini ba.

Na farko wurin. Falgore daji ne mai faɗi a kan hanyar Kano zuwa Jos, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma daga birni ya kai kimanin kilomita 150. An sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a cikinsa, har ta kai sojoji suka kafa wurin atisaye a can. Ko da a ce an sami sauƙi, gandun daji ba wurin da samari za su kutsa kai ba ne ba tare da izinin masu kula da shi ba, kuma kilomita 300 zuwa da dawowa ba tafiyar wuni guda ba ce a kan ƙananan babura, dole dare ya same su a hanya.

Na biyu yawansu, kuma wannan ne abin da samarin birni ba sa hangowa. A shekarun nan ayarin babura ya zama alamar 'yan bindiga a karkarar Arewa maso Yamma, har a 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka kafa dokokin taƙaita hawan babur da sayar da mai a jarka. Mutumin ƙauyen da ya hango babura goma sun tunkaro garinsu, da goyo, fuskoki a naɗe saboda ƙura, ba zai tsaya tambayar ko masu yawon buɗe ido ne ba. Ko dai gari ya watse, ko 'yan sa-kai su fito, kuma dukansu biyu ba alheri ba ne ga yaran. Babura uku zuwa biyar sun isa, kowa a kan nasa, babu jarkar mai, kuma idan za a shiga gari a rage gudu, a buɗe fuska, a yi sallama.

Na uku goyo. Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a ƙananan hukumomin cikin birni. Ban da batun doka, goyo yana ƙara wa babur nisan tsayawa idan an taka birki, yana kuma sa shi rawa a cikin yashi.

Ban ce ki hana shi fita ba, domin saurayin da aka hana da ƙarfi yakan tafi a ɓoye, kuma gara ki san inda yake. Ki sa masa sharaɗi: su sauya wuri zuwa Tiga ko makamancinta, su rage yawa, ya bar miki sunayen garuruwan da za su bi da lambar wayar abokinsa guda, ya kira ki da azahar, kuma ya yi magariba a masallacin unguwa. Ya riƙe lasisinsa na tuƙin babur da takardun babur da katin shaida saboda shingayen bincike, ya kuma ajiye lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta kiran gaggawa. Hular kwano kuwa ba abin sasantawa ba ce. An fara tilasta sa ta a Najeriya tun farkon 2009, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, munanan raunukan kai kuma da kimanin kashi 70. Idan ba shi da ita, ki saya masa mai rufe haɓa, ki ga ya ɗaure igiyarta kafin ya tayar da babur.

Tambaya: Ni mai son ɗaukar hoto ne. Akwai laifi in ɗauki mutanen ƙauye da gonakinsu? Kuma ana iya wanka a tafkin Tiga?
Daga wani mai ɗaukar hoto, Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Malam, dutse da bishiya ba sa bukatar izini, amma mutum yana bukata. Ka fara da sallama da gaisuwa, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, sannan ka nemi yarda. Matan aure a bakin rijiya ko a masussuka kada ka ɗaga musu waya ko kaɗan, yara kuma a tambayi babban da ke kusa. Idan za ku daɗe a gari, ku je ku gai da mai unguwa ko dagaci; minti biyar ne, amma daga nan kun zama baƙin gari, wanda ya gan ku a bayan gari ya san da zamanku. Garken shanu idan ya tare hanya a tsaya, kada a yi oda har ya wuce, a gai da makiyayi, kada a ratsa tsakiya. A jikin madatsar kanta akwai wuraren da ma'aikata ke gadi, musamman wajen ƙofofin sakin ruwa, don haka ka tambaye su kafin ka ɗauka, idan sun hana ka bari.

Wanka kuwa ban ba ka shawara ba. Gaɓar tafkin madatsa takan zurma ba zato, magudanan noman rani kuma suna da santsi da ƙarfin ja fiye da yadda ido yake gani. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta take rayuwa a jikin katantanwar ruwan da ba ya gudu sosai, ta shiga ta fata, bayan makonni mutum ya fara fitsarin jini. Cuta ce sananniya a yankunan noman rani. Idan za ka shiga kwale-kwale, ka zaɓi wanda ba a cika shi ba, kuma kada ka shiga idan iska ta taso.

Tambaya: Idan muka yi irin wannan tafiya, za mu yi ƙasaru?
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

Amsa: Alhaji, a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, tazarar ƙasaru baridi huɗu ce, wato mil 48, abin da malamai suke ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗoriya, kuma zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa. Tiga da Rano ba su kai wannan nisa daga Kano ba, saboda haka ku cika sallarku. Idan tafiyar ta fi haka nisa, ka tuntuɓi malaminka, domin malaman mazhabar sun yi magana ta musamman a kan tafiyar da aka yi don nishaɗi kawai.

Tambaya: Mu da muke Jigawa fa? Kullum maganar Kano ake yi. Ina za mu je daga Dutse mu dawo a wuni guda?
Daga wani ma'aikacin gwamnati, Dutse.

Amsa: Ranka ya daɗe, ƙorafinka ya karɓu, kuma ku ne ma kuka fi sa'a, domin abin da wasu za su yi doguwar tafiya su gani yana kusa da ku. Birnin Kudu ba ta kai kilomita 60 daga Dutse ba, kuma a duwatsunta akwai zane-zanen mutanen da, musamman a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Yawancin zanen na shanu ne, da jan launi, a ƙarƙashin inuwar dutse inda ruwan sama ba ya dukansu, kuma abin da zai ja hankalinka shi ne akwai shanu marasa tozo a cikinsu, ba irin waɗanda Fulani suke kiwo a yankin yanzu ba. A nan ne kuma ake samun duwatsun nan masu amo, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙarfe, kuma masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Wuraren suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, saboda haka ku nemi ma'aikatanta a garin su raka ku, kada ku taɓa zanen da hannu, kada ku zuba masa ruwa don ya fito a hoto, kada kuma wani ya rubuta sunansa a jikin dutsen.

Da yake tafiyar gajera ce, ku fara da hawa Garu da sassafe ku hango Dutse daga sama, da duwatsunta da itatuwan dabinonta, sannan ku kama hanya ku isa Birnin Kudu kafin rana ta take, domin hawa dutse da tsakar rana wahala ce, kuma takalmi mai rufe ƙafa ya fi silifa a kan babur da kan dutse duka. Hanyoyin da ke kaiwa gindin duwatsun suna da yashi a wasu wurare: a sassauta gudu tun kafin a shiga, a sa ƙaramar giya, a bar birkin gaba, idan kuma yashin ya yi zurfi a sauka a tura. Kuna iya yin azahar a can ku ci abinci, ku dawo Dutse kafin la'asar.